Auwalu da Dutsen Bayan Gari

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Hajara da yara. Yaya zaman Fatakwal, yaya kuma ƙafar nan taka? Mu nan Roni lafiya, damina ta zauna sosai.

Yaya, maganar ɗanka Auwalu ce ta hana ni sukuni. Ya shiga gasar wasan harbe-harbe ta waya, su huɗu a ƙungiya ɗaya, sauran suna Kano da Kaduna. Masu gasar ne ke sa lokaci, kuma duk wanda sabis ɗinsa ya yanke, sai a cire ƙungiyarsa gaba ɗaya. Da yake sabis ba ƙarfi a gidanmu, dutsen bayan gari yake hawa.

Ranar Asabar hadari ya haɗo yana can sama. Na bi shi har gindin dutsen ina ƙwala masa kira, amma ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Ina tsaye aradu ta faɗa kan tsamiyar da ke ƙasa da shi, ta tsaga ta. Da ya sauko jiƙe sharkaf, sai cewa ya yi, "Umma, mun tsallake."

Wasan ƙarshe Asabar mai zuwa ne. Na ce su roƙa a ɗaga, ya ce alƙalan gasar ba ruwansu da ruwan Roni.

Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. A sa mu a addu'a, a gaishe da kowa. Ni dai yanzu ko gajimare na hango, sai na leƙa ko takalmansa suna ƙofar ɗaki.

Ƙanwarka,
Binta