Na zubar da ruwan kwalaben Rahila

Salama gare ku, Edita da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kada kuma ku zage ni, na riga na zagi kaina.

Ni tela ne a Kagoro, bokona bai wuce firamare ba. 'Yata Rahila ce ta fara shiga jami'a a gidanmu. Da malamansu suka tafi yajin aiki, ta dawo da wasu ƙananan kwalabe cikin filas ɗin shayi, kullum tana canja musu ruwan zafi. Ta ce wasu halittu ne da ido ba ya gani, daga wani marmaro mai zafi aka ɗebo su, kuma su ne aikinta na ƙarshe. Wai a jikinsu akwai zaren gado, in zafi ya tsinka shi sai su ɗinke, har su ari ƙyalle wurin maƙwabci su yi faci. Na yi dariya na ce ashe abokan sana'ata ne. Ta ce kada kowa ya taɓa.

Ranar da aka kwantar da ƙanena a asibitin Kafanchan, Rahila tana coci, ni kuma ina neman abin kai masa kunu. Na buɗe filas, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wane karatu ne ke wari haka? Na ɗauka ruwan kwalaben ya lalace, na zubar, na wanke kwalaben da sabulu. A mota hankalina ya dawo. Da na koma gida na cika kwalaben da tafasasshen ruwan rijiya, na mayar cikin filas, na yi shiru.

Da aka buɗe makaranta ta duba, babu halitta ko ɗaya. Malaminta ya ce sakacinta ne, ba zai sake tura mota marmaron ba. Yanzu tana gida tana taya uwarta yankan citta, ta ba da littattafanta. Jiya ta kawo mini abinci shago ta ce, "Baba, ka yafe mini wahalarka. Ashe ba ni da kan karatu."

Na ce mata Allah yana nan. Ni da na san inda na zubar, gindin gwanda!

In na faɗa, halittun ba za su dawo ba, kuma da wane ido za ta dube ni? In na yi shiru, za ta tsufa tana ganin ita daƙiƙiya ce. Me zan yi?