Murjani Ba Doya Ba Ne

Yaya Na'Allah,

Gaisuwa mai ƙamshin ruwan fari. Yaya ƙafar Inna?

Ina lafiya a Jidda, sai dai murjani da ƙumbar teku da nake kula wa maigida a tankin gilashi suna mutuwa. Da suka koɗe, na yi musu irin ta garinmu Adogi, inda ganyen doya in ya yi rawaya taki ake ƙarawa.

Na ciyar, ruwa ya ruɓe,
Na hana, launi ya zube.

Maigida ya ce ranar da ƙumbar ta daina rufe baki zan kama hanyar gida. Jiya na taɓa ta, da ƙyar ta motsa.

Kada Inna ta ji. Amma gonata, kada ka ba kowa aro bana.

Ƙaninka,
Abdulrauf