Ranar da Na Wanke Ɗakin Iya Azara

Talata, 3 ga Maris 1981

Baba ya ce ranar Lahadi jami'in ta'amin, wato inshora, zai zo duba Iya Azara ta ɗakin saman bene. Mijinta Bamisire ne, ya yi shekara talatin a masaƙa ana cire masa inshora, ya rasu bai bar ɗa ba. In jami'in ya ga ba ta iya kula da kanta, za a nema mata gado a gidan tsofaffi. Mu kuwa Yuli za mu koma Damagaram, Baba ya gama karatu. Wa zai riƙa hawa mata da abinci?

Ni ce tafinta. Larabcin Iya ya gudu tun da ta yi shanyewar jiki, sai Hausa.

Asabar, 7 ga Maris

Na wanke ɗakin tas. Na kai shimfiɗar da ta jiƙe bayan tankin ruwa, na ari dardumarmu, na sa turaren wuta. Iya ta ce, "Lailatu, kada baƙo ya ga tsiraicinmu." Na ɗaura mata sabon kallabin Inna.

Lahadi, 8 ga Maris

Ya zo. Saurayi ne, mai gilashi, yatsu dogaye, kamar likitan nan na littafin soyayyar da ƙawata Mardiya ta ara min. Na kasa ɗaga ido.

Ya tambayi jikinta. Iya ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Na fassara. Ya ce, tana zuwa bayi da kanta? Yaya zan faɗa wa namiji zancen fo? Na ce e. Ya sha shayi, ya yaba ƙamshin ɗakin, ya ce tamam, wato komai daidai.

Na rubuta shafi biyu a kan yatsunsa. Na yage.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Takarda ta zo. Wai tana iya kula da kanta, tana da masu hidima. Babu gado.

Baba ya ce ma'alish, a yi haƙuri, haka Allah ya so. Inna ta ce mutanen ofis ba su da imani. Ni na ci gaba da tsince shinkafa.

Juma'a, 3 ga Afrilu

Ban faɗa wa kowa ba.

Litinin, 13 ga Afrilu

Na dawo makaranta na tarar da ita a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa. Tun hantsi. Ta ce, "Hutawa nake, ke dai kawo hannu." Da na ɗaga ta, ba nauyi ko kaɗan. A Yuli wa zai dawo daga makaranta?

Na faɗa wa Inna komai a kicin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Ni ma da ni ce, turaren zan sa."

Laraba, 22 ga Afrilu

Na shiga bas daga unguwarmu Ard al-Liwa zuwa ofishin inshora ni kaɗai. Layi har titi. Matar da ke taga ta ce in ɗaga murya. Na ce ƙarya na yi wa jami'inku. Duk layin ya juyo. Ban mutu ba.

Talata, 5 ga Mayu

Shi ɗin dai ya dawo. Ban share ba, ban sa turare ba. Na nuna masa fo, da shimfiɗar, da gyambon bayanta. Iya ta ce lafiya lau. Na ce masa, ta ce lafiya lau, amma ba gaskiya ba ne.

Larabcinta bai gudu duka ba ashe. Ta juya fuska bango. Da ya fita ta ce, "Kin tona min asiri, 'yar nan."

Asabar, 16 ga Mayu

An sa sunanta a gidan tsofaffi, za ta shiga ƙarshen Yuni. Baba ya yi ta hamdala.

Kwana goma sha ɗaya ba ta yi min magana ba. Tana dai buɗe baki in na kawo cokali. Yau da nake mata tsifa ta ce, "A hankali, ke." Shi ke nan.

Mardiya ta zo karɓar littafinta, ita ma ba ta ƙarasa shi ba, tana tambaya ko likitan ya auri yarinyar. Na ce ban sani ba. Na kuma lura ban tuna ko jami'in ya sa gilashinsa ran nan ba.