Raunin da Kofur bai nuna wa likita ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Baturen da ke kula da al'amuran tsofaffin sojoji a wannan lardi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Na rubuto maka ta jarida ne saboda takardun da na aika ta hanyar da aka saba sun shiga ofis ba su fito ba. Kuma ina zaton mai irin wannan matsala ba mutum ɗaya ba ne a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo.

Maganar ta wani tsohon soja ce, mutumin wani ƙauye a bakin gulbin Rima. Sunansa da lambarsa suna cikin takardun da ke ofishinka, don haka a nan zan kira shi Kofur, kamar yadda ake kiransa a gida. Taubashina ne: mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. A wurinmu tsakanin taubasai babu kunya, wasa ne da tsiya tun daga yarinta har tsufa. Na faɗi wannan ne don ka san dalilin da ya sa ni kaɗai ya iya gaya wa abin da zan gaya maka.

Na farko, halin da yake ciki.

Kofur ya dawo daga yaƙin da ya wuce da rauni biyu. Ɗaya a kafaɗa, ya warke, sai tabo. Na biyu a mara, inda tartsatsin ƙarfe ya shiga. An ɗinke shi a asibitin soja a hayin teku, aka ga kamar ya warke, aka sallame shi. Bayan ya dawo gida abin ya tashi. Fitsari ba ya tsaya masa. Yana ɗaure da tsumma safe da yamma, matarsa tana wankewa a bayan ɗaki, tana shanyawa inda matan gidan ba za su gani ba. Kafin ya tafi yaƙi shi ne mai jan jigo a fadamarsu, yana ba albasa ruwa tun hantsi har rana ta take. Yanzu in ya ɗaga guga cike, zafin yakan durƙusar da shi. Ya ba maƙwabci aron fadamar. Malamai sun ce mai irin lalurarsa yana da uzuri a salla, amma ya daina shiga sahu, don yana tsoron na kusa da shi ya ji wari. Ɗa guda gare su, wanda aka haifa kafin tafiyarsa. Ba su sake samu ba.

Ni kaina ban sani ba sai bara, da na kai masa ziyara bayan girbin gero. Na tarar da shi zaune nesa da mutane, na soma tsiyar da muka saba. Na ce, "Kai bawana, soja guda ka koma tsohuwa? Ko Jumu'a an ce ba ka zuwa. Mi anka yi maka can, sunka musanya muna kai?" Da a da ne, da ya rama har sai na roƙe shi. Ran nan bai rama ba. Ya ce, "Taho ka gani, ubangijina, tun da kai ba ka da kunya." Ya ja ni bayan rumbu ya nuna mini. Ban sake yi masa wasa ba ranar.

Na biyu, yadda aka duba shi.

Gwamnati ta sanar cewa sojan da ya nakasa a bakin aiki yana da hakkin fansho gwargwadon nakasarsa, kuma likita ne zai auna. Likita ya zo rangadi, aka tara tsofaffin sojoji a ɗakin shan magani na garin hakimi. Bai zo da tafinta ba, sai aka ce malamin asibitin wurin ya yi tafinta, tun da yana jin Turanci. Wannan malami dattijo ne mai mutunci, ya daɗe yana yi wa En'e aiki. Kuma shi ne surukin Kofur, uban matarsa.

Ranka ya daɗe, na san ka daɗe a ƙasar nan, amma ka yi haƙuri in bayyana, don a nan maganar take. Mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ba ya kiran sunansa. In ya hango shi a hanya yakan tuɓe takalmi ya durƙusa, ko ya ratse. Balle ya kwance wando a gabansa, ya nuna masa mararsa, ya faɗa masa da bakinsa abin da ya same shi a wurin da ya shafi auren ɗiyarsa. Kofur ya shiga ɗakin ya ga wanda ke tsaye kusa da likita. Malam ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce, "Ya ce ka nuna mashi wurin ciwo." Kofur ya tuɓe riga, ya nuna kafaɗa. Likita ya latsa tabon, ya sa ya ɗaga hannu ya sauke, ya tambaya ko akwai wani abu. Malam ya maimaita tambayar, idonsa yana kan bango. Kofur ya girgiza kai. Akwai mutane da yawa a layi, aka kira na gaba.

Abin da aka rubuta shi ne rauni ƙarami a kafaɗa, ya warke. Aka ba shi ɗan kuɗin sallama sau ɗaya, ya dangwala yatsa, aka rufe maganarsa.

Ba na cewa likita ya yi zalunci: abin da aka nuna masa ya rubuta. Ba na cewa Malam ya yi ha'inci: ba wanda ya taɓa gaya masa komai, ɗiyarsa ma ba za ta iya ba. Ko ya yi zato, shi ma kunyar ta ɗaure masa baki kamar yadda ta ɗaure na surukinsa. Kuskuren na tsari ne. An sa mutum ya zaɓa tsakanin abincinsa da mutuncinsa a cikin lokacin da bai kai na shan ruwa ba, kuma ba wanda ya gaya masa cewa yana iya neman a sake masa tafinta, ko kuma cewa girgiza kan nan shi ne hukuncin sauran rayuwarsa.

Na uku, neman wanda ya san doka.

Tun daga ranar da na gani nake neman amsar tambayoyi kaɗan. Shin doka ta yarda a sake duba wanda aka riga aka duba? Wa ke da ikon ba da wannan umurni? Yatsan da ya dangwala ya rufe ƙofar ke nan, ko shaidar karɓar kuɗi ce kawai? Akwai wa'adin da in ya wuce ba a sauraron kuka? Takardun asibitin da aka ɗinke shi, suna ina, kuma wa zai iya neman a kawo su? Na yi shekaru ina gyaran rubutu a maɗaba'a, na saba da karanta sanarwar gwamnati, amma dokar fansho da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, kuma ban sami kofinta ba ko a birni.

Mun fara da alƙali. Ya saurare mu da kyau, ya ce wannan ba shari'a ba ce tsakanin mutum da mutum, maganar soja ce, ba ta gabansa. Hakimi ya tausaya, ya ce a kai ga Di'o. Akawun Di'o ya buɗe fayil, ya ce likita ya riga ya yanke, shi ba likita ba ne. Na tambaye shi ko akwai hanyar ɗaukaka kuka. Ya ce, "Wallahi Malam ban sani ba, kuma in na sani ba aikina ba ne in faɗa." Na yarda da rabin farko na maganarsa.

Kafin in shiga maganar, Kofur ya riga ya je wurin masu rubuta takardar koke a bakin kasuwa, har sau biyu. Na ga abin da suka rubuta masa. Yabo ne ga Sarkin Ingila, da roƙon a ji tausayin talaka mai iyali. Babu kalma ɗaya a kan raunin, don mai rubutun yana zaune ne a tsakiyar jama'a, kuma Kofur ba zai faɗa a nan ba. Irin takardar nan ita suke rubuta wa kowa, suna kawai suke sakewa.

Sai lauya. Babu lauya a ƙasarmu. Ba a barinsu su tsaya gaban alƙali, don haka ba abin da zai zaunar da su a nan. Na kusa da mu sai an hau mota an hau jirgin ƙasa. Na rubuta wa ɗaya. Ya amsa cikin ladabi, ya ce sai ya ga mutumin da takardunsa, kuma sai an biya kafin ya duba. Abin da ya nema ya fi abin da fadamar Kofur take kawowa a shekarar da albasa ta yi kyau. Ko da mun tara, ka dubi tafiyar: mutumin da ba ya iya zama a tabarma ɗaya da baƙo, a cusa shi bayan mota cikin mutane yini guda. Kuma lauyan ba ya jin Hausa. Wani tafintan za a sake nema.

To ga inda muke. Gwamnati ta ba da hakki, amma hanyar kaiwa gare shi sai da wanda ya san doka, kuma duk wanda muke iya kaiwa gare shi ya ce bai sani ba. Lokacin da ake ɗibar sojoji, har ƙauyensu aka zo, da mai bayani da Hausa, ba a ce su nemi lauya ba. An ce likita zai sake zagayowa bayan damina, don waɗanda ba a duba ba. Sunan Kofur ba ya ciki, don shi an duba shi. In wannan rangadi ya wuce, ban san ko akwai wani ba.

Abin da nake roƙo.

Ɗaya, a sa sunan Kofur cikin waɗanda za a duba a rangadi mai zuwa, a ɗaki rufe, da tafintan da ba ɗan garin ba. A nemo takardunsa na asibitin soja kafin ranar.

Biyu, a naɗa mutum guda wanda ya san dokar fansho kuma yana jin Hausa, ya riƙa zagayawa garuruwan hakimai, yana zama da tsofaffin sojoji ɗaya bayan ɗaya, ba a bainar jama'a ba, yana gaya musu hakkinsu, yana rubuta musu koke yadda doka take so, ba tare da sun biya ba. In wannan ya yi wa gwamnati nauyi, to a fassara dokar da Hausa, da boko da ajami, a ajiye a ofishin kowane hakimi. Akwai masu karatu a cikinmu da za su taimaka.

Uku, kafin a duba kowa, a tambaye shi a keɓe ko akwai wanda ba zai iya magana a gabansa ba. Tambaya ce guda, ba ta cin kuɗi.

Huɗu, ina roƙo da babbar murya kada a taɓa Malam a kan aikinsa saboda wannan takarda. An sa shi aikin da ba nasa ba, ya yi shi yadda ɗan mutunci zai yi. In aka hukunta shi, gidan da ke ciyar da matar Kofur da ɗansa aka hukunta.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani, ranka ya daɗe. Ɓoye sunan da na yi ba zai ɓoye komai ba a garin hakiminsu. Jarida ɗaya ce take zuwa can, kuma Malam ne yake karanta wa mutane ita a inuwar ɗakin shan magani ranar kasuwa. Na gaya wa Kofur haka kafin in ɗauki alƙalami. Na ce in bai yarda ba zan bari, mu ci gaba da bin ofisoshi. Ya ce, "Rubuta. In ya karanta, ya ji. Ni dai ba da bakina ba."

Saboda haka ranar da wannan takarda za ta iso teburinka, za ta isa hannun dattijon nan a gaban jama'a. Ban sani ba ko zai karanta ta har ƙarshe, ko zai tsaya a tsakiya ya juya shafi. Ko wanne ya yi, mutanen da ke zaune za su gane, kuma shi da mijin ɗiyarsa ba za su sake haɗuwa a hanya kamar da ba. Abin da Kofur ya rasa fanshonsa don ya kare, yau ya ba da shi, kuma ba ya dawowa. Ya ba da shi ne don a sake buɗe masa ƙofar ɗakin likita sau ɗaya. Kada ya zama ya ba da shi a banza.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama aikinka cikin adalci, ya mai da kai ga iyalinka lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya rufa asirin waɗanda nasu bai tonu ba tukuna.

Wassalam.

Ni ne mai biyayya,
Abdu Magarya,
Wurno.