Karnuka ko Ƙarnuka: A Mayar Mini da Kiran Salla

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Musallarmu ta Unguwar Madinat Nasr,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Malam da iyali kuna lafiya, ni ne Habibu, ladaninku na shekara shida, wanda aka dakatar a watan Rajab na bana, 2013. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, don ina tsoron ko ni ne mai laifi. Na koma littafin da nake rubuta al'amurana na kullum, ga abin da na samu.

Na ɗaya. Ranar Talata sakataren kwamiti ya tambayi sana'ata ta saƙon waya. Na amsa cewa ina kula da "kayan karnukan baya" a wani shago a unguwar Mohandessin. Ƙarnuka nake nufi, wato zamunan da suka shuɗe. Wayata ba ta da ƙ mai lanƙwasa.

Na biyu. Ranar Alhamis ya zo ya leƙa shagon ta gilashi, bai shigo ba. Ya ga karnuka a bango, ya koma ya ce ya tabbatar. Ranar Juma'a aka ce mai wasa da karnuka ba zai kira salla ba.

Malam, ban musa ba, karnuka ne, amma na takarda. Zane-zane ne na gasar nuna karnuka da Turawan Ingila suke yi a ƙarni na goma sha tara, an sassaƙa a farantin ƙarfe aka buga. Masu tara kayan tarihi ke saye. Aikina in goge ƙura, in yanka gilashin da na sayo a kasuwar Ataba, in sa firam. Babu mai haushi, babu mai yawu. Idan hoton ne matsalar, ban kai in yanke hukunci ba, a sakandare karatuna ya tsaya. Ku malamai ne, ku faɗa mini, zan ji.

Roƙona biyu: ku turo wanda zai shigo shagon ya taɓa da hannunsa, kuma idan babu laifi a mayar mini da kiran salla kafin azumi. Jiya da na gaishe ku kun amsa da "Ladan", shi ya ba ni ƙarfin aiko wannan.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da basira. Da biro na rubuta, kuma kowace ƙ na bi ta na lanƙwasa sau biyu.

Wassalam.
Habibu