Ƙyaure Babu Ƙofa

Diffa, ran Litinin

Zuwa ga Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Allah ya sa haka, amin.

Na rubuto ne maimakon in kira, don na san wayar gidan a aljihun Baba take kwana, kuma maganar da zan yi ba ta kunnensa ba ce tukuna. Haladu direba zai miƙa miki takardar nan tare da igiya da tsofaffin tayoyi na danne rufi.

Yau an tara mu a biro, wato ofishin da nake gadi, aka ce masu duba yanayi sun hango hadari mai mugunyar iska zai biyo kwarin Komadugu kafin Juma'a. Rediyo ma ta faɗa. Mu nan har mun fara sauko da duk abin da ke kan rufi. To idan gidan siminti ana yi masa wannan tattali, ina ga bukkarku ta zana da tampol a bakin kwalta? Na duba ɓangarenta na gabas ran salla, gara ta gama da zanar, yatsa ma shiga yake yi.

Shawarata ita ce ki lallaɓa Baba ku taho Diffa har hadarin ya wuce. Ɗakina ɗaya ne, amma matata Sumayya ta ce ita da ke da yara ku kwana ciki, ni da Baba mu yi shimfiɗa a zauren mai gidan haya. Tarin da Baba yake yi ba na wanda ruwa zai daka ba ne. Ni ba zan samu fitowa ba, abokin gadina yana kwance ba lafiya. Ki hanzarta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki gaida Baba da kyau, ki gaida maƙwabta. Allah ya tsare mu.

Ƙanenki,
Grema Maina

*

Assaga, bakin hanya, ran Talata

Zuwa ga Malam Grema mai biro, ko Mushe in ji Faransawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna gaida Sumayya. Na ga takarda, na ga igiya, na ga tayoyi. Tayoyin nan kuwa, motar da ta ci su ba ta rage wa kowa komai ba, amma an gode, sun hau rufi.

Na yi wa Baba maganar Diffa bayan ya sha kunu, lokacin da ya fi sauƙin kai. Bai ce a'a ba. Cewa ya yi, “Motar Haladu za ta ɗauki ƙyauren?” Na ce, Baba, motar da ake cusa mutane da awaki har ƙofa ba ta rufuwa? Ya ce, “To inda ƙyaure ya kwana, nan Maina zai kwana.” Ya juya baya, magana ta ƙare.

Kai kana karatu a lakkol a Diffa ranar da muka gudo daga garinmu na bakin kogi, labari kawai ka ji. Ni na gani da idona. Kowa yana ɗora gero da tukwane a kan amalanke, tsohon nan ya tsaya yana ciro ƙyauren ɗakin Inna. Buhunan tattasanmu ya bari a tsakar gida saboda katako! Yau damina ta huɗu ke nan yana kwana a kansa, ya ɗora shi kan duwatsu ya shimfiɗa tabarma. Ko ni ba na zama a kai.

Da na ga tafiya ba ta yiwu ba sai na kawo wata dabara. Na ce a tayar da ƙyauren a jingina shi ta gabas inda zana ta mutu, a kafa masa turaku, a ɗaure. Katakon maɗaci ne, iska ba ta isa ta yi wasa da shi ba. Wallahi Grema, da ka ga kallon da ya yi mini ka ce naman akuyar maƙwabta na kawo masa. Ya ce, “Ƙyauren ɗakin uwarku ne, ba danga ba ce. Baƙo ba ya kafa ƙyaure a masauki. Ran da muka koma, a ƙofarsa za a mayar da shi.”

Na ji haushi, na fita na zauna bayan bukka, sai kuma na kama kaina ina kuka. Ka tuna yadda hadari yake a gida? Gabas ta yi baƙi, Inna ta fito tana kiran a kwashe shanya, mu bi kaji da gudu, kai kullum ka faɗi a bakin rijiya. Baba ya shigo ƙarshe, ya tura ƙyauren nan ya sa sakata, shi ke nan, duk abin da iska za ta yi ta yi a waje. Inna ta zuba gyaɗa a kasko, ƙamshinta ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya fara labarin yadda ya sayo ƙyauren a Damasak shekarar da ya auri Inna, ya ƙetaro da shi kogi a kan gora yana iyo a baya, mu kuma mu yi kamar ba mu taɓa ji ba. A lokacin murna muke yi da hadari, don mun san bayansa kogi zai iso, a fara renon tattasai. Yanzu ko tsawa aka yi yarana ƙarƙashin tabarma suke shiga, sun ɗauka bindiga ce.

Allah ya jiƙan Inna. Ita ta huta a ƙasarta kafin wannan masifa, ta bar ni da mijinta mai taurin kai. Kai mai ilimi, faɗa mini yadda zan yi da shi.

Yayarka,
Kubura

*

Diffa, ran Laraba

Zuwa ga Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na karanta ta a bakin get, har wani ma'aikaci ya tambaye ni ko ƙura ce ta shiga idona.

Akwai maganar da ban so in sa a takarda ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin san Bunu masunci. Makon jiya na gamu da shi a kasuwar tattasai. Ya saci jiki ya leƙa tsohon gari kwanan baya, duk da hanin da aka yi. Yaya, gidanmu babu shi. Ya ce katangar ta narke, ɗakin Inna ya zama tudun ƙasa, ƙaya ta fito a kai. Da bishiyar tsamiya kawai ya gane wurin. Maƙabarta tana nan, ya tsaya ya yi addu'a.

Ƙofar da Baba yake ajiye wa ƙyaure babu ita. Ina ganin idan ya san haka zai haƙura ya bari a tare iska da shi. Ki faɗa masa. Na san ba ƙaramin abu na ɗora miki ba, ni kaina na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Amma gara ransa ya ɓaci da a ce bukka ta rufta masa.

Ki haƙa wa ruwa hanya ta bayan bukka, ki ɗaga gero daga ƙasa, katunanku na rabon abinci ki ƙulle su a leda. Yau zafin Diffa ya yi yawa, ko ganye ba ya motsi.

Allah ya ba ki ikon faɗa. A gaida Baba.

Ƙanenki,
Grema

*

Assaga, ran Alhamis da hantsi

Grema,

Salamu alaikum. Sannu da ƙoƙari, ka jefo mini garwashi ka koma biro. Hanyar ruwa na haƙa, gero na ɗaga, awaki na ɗaure. Umara maƙwabcinmu, mutumin Damasak ɗin nan, ya taya ni ɗora buhunan yashi.

Maganar Bunu kuwa ban faɗa ba. Na kai masa kunu da niyyar faɗa, har na ninka masa sukari, na tarar yana shafa wa ƙyauren mai da tsumma yana 'yar waƙarsa ta Barebari. Na ajiye ƙwarya na fito. Kai da kake namiji ka kasa daga nesa, ni ce zan iya ina kallon idonsa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tururuwa suna ta kwasar ƙwai, gabas ta fara haɗa rai. Haladu yana ta matsa mini odar mota, bari in tsaya nan. Ku sa mu a addu'a.

Kubura

*

Assaga, ran Asabar

Zuwa ga ƙanena Grema,

Assalamu alaikum. Kafin komai, muna raye, dukanmu. Na san ka yi ta kira, wayar Baba ta sha ruwa ta mutu. Jiya ba mota saboda itatuwan da suka faɗi a kwalta. Ina fatan ku ma Allah ya tsare ku.

Ran Alhamis bayan la'asar hadarin ya iso. Da farko jan ƙura ce ta tokare sama, rana ta ɓace, sai iska ta buga. Tayarka ɗaya na ga tashinta, ban ga saukarta ba. Zanar gabas ba ta yi ko gardama ba, ta yage daga sama har ƙasa, yashi da ruwa suka shigo mana kamar ana watsawa da ƙwarya. Tampol ya kumbura yana neman ɗaga bukkar gaba ɗaya. Yara suka ƙanƙame ni suna ihu. Ana cikin haka sai ga Umara da matarsa da jaririnsu sun faɗo ciki, tasu bukkar ta riga ta tafi.

Baba yana zaune a kan ƙyaurensa da carbi. Ya dubi yarana, ya dubi jaririn nan da uwarsa take rufewa da jikinta. Sai ya miƙe, ya yaye tabarma ya jefar. Ya ce, “Umara, kama can. Kubura, igiya!” Ban taɓa jin muryar nan ba tun barinmu gida. Suka tayar da shi suka kai gabas, iska tana ture su. Tsohon da nake riƙe wa buta shi ne ya yi ɗauri, ƙulli irin na masu jirgin gora, sannan ya juya ya jingina bayansa da katakon ya kafe ƙafafu. Na ce ya matsa in tsaya. Ya ce, “Je ki wurin 'ya'yanki.”

Iska ta yi iyakar yinta, ƙyaure bai gusa ba. Da ta gaji sai ruwa ya sauka sosai, yana dukan katakon ta waje. Grema, sautin nan ne. Shi ne dai wanda muke ji muna cin gyaɗa. Na rufe ido, wallahi har na ji kamar Inna za ta ce in miƙo mata gishiri.

A nan Baba ya yi dariya, ruwa yana bin gemunsa. Ya ce, “Wa bai ji Bunu ya leƙa gari ba? Bunu ya faɗa wa Grema, Grema ya faɗa miki, ke kuma kika ninka mini sukari a kunu. Yaushe rabon da ki ninka mini sukari?” Ya ce, “Gidan ƙasa da ya yi damina uku babu mai yi masa yaɓe, sai Bunu ya faɗa mini? Ni na gina shi, na san ranar da zai faɗi.”

Na ce, to Baba, me ya sa ka hana mu tun farko? Can ya ce, “Muddin yana kwance, tafiya muke yi ba mu iso ba. Ran da na tayar da shi a nan, na yarda mun bar uwarku can ita kaɗai.”

Na yi kuka a gaban Umara da matarsa, ban ji kunya ba. Na tausaya masa, kuma na ji kunyar duk masifar da na yi masa a zuciyata.

Rabin rufi ya tafi, amma gero bai jiƙe ba, awaki suna nan. Bukkoki da yawa sun kwanta a layinmu, mutane suna ta tsintar kwanoninsu a daji, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Tarin Baba ya ɗan ƙaru, ka aiko da magani. Jiya na ce a kwantar masa da ƙyauren ya koma gadonsa, ya ce a bar shi tsaye, a ƙasa ya yi shimfiɗa. Yanzu ga shi a kaina, wai in ɗauko wata takarda shi ma yana da magana.

Yayarka,
Kubura

*

Assaga, ran Asabar

Zuwa ga ɗana Grema,

Salamu alaikum. Ni ne ubanka Maina nake faɗa, Kubura take rubutawa. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Igiyarka ta yi aiki, Allah ya yi maka albarka.

Ran da ka samu hutu ka zo da kafinta. Ni da Umara za mu fara buga tubali idan ƙasa ta sha iska. Ɗaki ɗaya ya isa, a yi wa ƙyauren nan ƙofa.

Ka faɗa wa kafinta tun daga can, kada ya zo yana mini gardama. Ba za ta kalli kwalta ba. Kudu za ta kalla, wajen kogi, inda uwarku take.

Allah ya tsare hanya. Wassalam.

Ubanka,
Maina