Baba, Na'urata Ta Yi wa Baiwar Allah Ƙazafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mutanen gida lafiya. Inna tana nan, sai ciwon gwiwa. Yaya Sani ya fara tsinkar tumatir a gonar bakin kanal ɗin ban ruwa, kwanduna sun cika kasuwar Kwanar Gafan har masu saye suna yanga. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Ka tafi ina shekarar farko a digirin digirgir. Ka tuna ranar da ka tambaye ni me nake karantawa har yanzu bai ƙare ba? Na ce ina koya wa kwamfuta ta gane ɓarawo. Ka yi dariya har ka ƙware, ka ce, "Ashe gadi kika je koyo. Da kin zauna na koya miki kyauta." Gaskiyarka ne, don shekara ashirin kana riƙe da makullin ƙofar ruwan sashenmu, kana raba wa manoma ranakun ban ruwa.

Aikin nawa ke nan. Akwai masu kutse da ke shiga kwamfutocin ofisoshi ta waya, su sata ko su ɓata. Na haɗa manhaja, na yi ta nuna mata misalan shigar mutumin kirki da shigar ɓarawo har ta iya bambancewa da kanta. Shi ake kira ƙirƙirarriyar basira. Misalan daga ƙasar waje na samo su, na yi makonni a shagon intanet ina sauke su kaɗan-kaɗan. Shekara uku ina renon abin nan kamar jinjiri.

Watan jiya Farfesan da ke duba aikina ya samo izinin a gwada manhajar a ofishin jarrabawa na jami'armu. A mako na biyu ta nuna kwamfutar Malama Binta, dattijuwar da ke shigar da makin ɗalibai. Manhajar ta ce daga kwamfutar ana tura bayanai masu yawa cikin 'yan mintuna, irin na mai kutse. Aka dakatar da matar daga aiki, aka kafa kwamiti. Farfesa ya yi min barka a gaban kowa. Baba, ranar nan na yi murna. Har tsire na saya wa 'yan ɗakinmu. Duk lokacin da na tuna, sai in ji kamar in nutse.

Makon da ya wuce ina zaune a ofishin da rana aka kawo wuta. Sai na ga kowa ya zabura ya yi kan kwamfutarsa, ana ta tura aikin da aka tara tun safe kafin a sake ɗaukewa. Sai wani tunani ya zo min. Na koma na duba lokutan da manhajar ta zargi Malama Binta, duk lokutan dawowar wuta ne. Ta fi kowa ƙwazo, shi ya sa nata ya fi yawa. Na koyar da na'ura da misalan ƙasar da ba a ɗauke wuta, ba ta taɓa ganin mai sauri haka ba sai ɓarawo.

Na gaya wa Farfesa. Ya ce in bari in gama kare kundin digirina tukuna, wata biyu ne kawai. Ba mugu ba ne, tausayina yake ji. Idan na yi magana, babi biyu sun rushe, kuma ban san ko za a ƙara min lokaci ba. Amma kwamiti ranar Litinin zai zauna, ba zai jira wata biyu ba.

Tun ranar nake tuna shekarar da ka zargi Malam Garba da buɗe ruwa ba ranarsa ba, har aka hana shi ruwa mako guda, albasarsa ta yi yaushi. Daga baya ka gano ramin gafiya ne ya huda gefen kanal. Ba ka bi shi gida a ɓoye ba. Ka bari sai ranar kasuwar Bunkure, ka riƙe hannunsa ka ce, "A gaban mutane na ɓata ka, a gaban mutane zan wanke ka." Ina ƙarama a lokacin, haushinka na ji, na ga ka zubar mana da girma.

Ranar Alhamis na haɗu da Malama Binta a tasha. Ba ta san ni ce na haɗa abin ba. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ke da kika san kwamfuta, ki taimaka ki duba min. Wallahi ban taɓa makin ɗan kowa ba." Na ce mata in sha Allahu, na shige motar Kura kamar wadda aka koro. Har muka wuce Kumbotso ina kuka, matar da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi min.

Na rubuta wa kwamitin takarda, na sa hannu, tana cikin jakata. Inna ba ta sani ba, ta riga ta fara gaya wa maƙwabta an kusa kirana Dakta. Ina jin tsoro, Baba. Ina son digirin nan, ba zan ɓoye maka ba, ina son shi har cikin raina. Amma motar farko ta ranar Litinin da ni za ta tashi.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa mu a Aljanna. Allah ya ba ni ƙarfin tsayawa a gaban mutanen nan. Idan kuma ɗaya kawai za a samu, sunan Malama Binta ko digirina, ya Allah ka wanke ta.

Taka,
Uwani